Murfin da Kavata Ba Ta Rufe Ba

"Kada ki kuskura ki taɓa ƙofar nan."

Kavata ta tsaya cak, hannunta a miƙe. Jan tabarau ɗin aiki na nan rataye a wuyanta, ƙafarta ɗaya da silifa ɗaya babu, don a haka ta faɗa motar da ta kawo saurayinta Simiyu asibiti.

"Mama, don Allah... ganinsa kawai zan yi."

"Ni ban haife ki ba."

Mama Simiyu, mahaifiyar saurayin, ta tare ƙofar da jikinta, idanunta sun kaɗa sun yi jajir. Tun daga Bungoma ta zo Nairobi don murnar ɗanta ya gama koyon tuƙin jirgin sama, sabuwar atamfar da ta ɗinka ma ba ta fito daga akwati ba.

"Ganinsa za ki yi? Shi kuma da wane idon zai gan ki? Yarona ya fita garau, ya ce bari ya leƙa 'yar Machakos ɗinsa, aka dawo mini da shi ana jan hannunsa."

"Ban san zai shigo ba, Mama... ban ji motsinsa ba..."

"Tun farko na gaya masa, macen da ke kwana cikin injina ba matar gida ba ce. Ɓace mini da gani."

Nafula ce ta tare Kavata kafin ta zube. 'Yar aminiyar Mama Simiyu ce, cocinsu ɗaya, kuma kowa ya san ita tsohuwar take so wa ɗanta tun suna yara. Ta ja Kavata zuwa kan benci, ta sayo mata shayi, tana shafa mata baya.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa, zafin abin ne ya sa Mama magana haka. Me ya faru ne? Injin ne ya lalace?"

Kavata ta girgiza kai, hawaye na ɗiga cikin shayin.

"Lafiyarsa ƙalau. In murfinsa a buɗe yake ba ya tashi, haka aka ƙera shi. Ni ce na manna masa maganaɗisu don ya ɗauka a rufe yake..."

"Ayya," in ji Nafula a hankali. "Kada ki faɗa wa kowa wannan. Bar shi a wajena."

Ni dai da ina wurin, da na toshe wa Kavata baki da tafin hannuna.

A ƙungiyarmu ta ranar Asabar na san ta, mu masu ƙananan injinan sassaƙa da zane na kan tebur. Kowane mako a garejin wani muke haɗuwa, mu ci mandazi, irin fanken nan namu, mu yi ta gardama a kan katako har rana ta yi sanyi. Akwai malamin makaranta, akwai likitar haƙori, ba wanda yake ci da wannan aikin, son abin ne kawai ya hana mu sakat. Kavata a banki take, amma da ta dawo gida Syokimau sai ta yar da takalmin ofis ta shige garejin babanta. Nata injin na leza ne. Wani siririn shuɗin haske yake fitarwa ya ƙona rubutu ko hoto a jikin katako da fata, yana cikin akwati mai murfi don kada hasken ya fito ya taɓa idon mutum.

A garejin nan Simiyu ya same ta, ya zo a rubuta masa suna a 'yar fatar da zai rataya wa jakarsa.

"Ke ce fundin, wato mai sana'ar? Ni na zaci wani tsoho zan tarar da fensir a kunne."

"Tsohon ya yi ritaya. Me za a rubuta?"

"Kyaftin Simiyu."

"Ka taɓa tashi da jirgi kai kaɗai?"

"Saura ƙiris."

"To, Simiyu zan rubuta. In ka zama kyaftin ka dawo."

Bai jira ya zama ba, washegari ya dawo, wai harafi ɗaya ya karkace. Daga nan ya mai da garejin gidansu. Yana zuwa za ta miƙa masa tabarau tun daga bakin ƙofa, ya kifa bokiti ya zauna yana ba ta labarin yadda duwatsun Ngong suke daga sama. Mun sha tsokanarsu, mun ce mutum bai san bambancin zarto da guduma ba amma ya fi kowa zuwa taro. Uwarsa ta ƙi maganar, ta ce yarinyar ba yarensu ba ce, garinsu ma da nisa. Shi kuwa ya ce da zarar ya karɓi lasisi zai kwashi kawunnansa su tafi Machakos neman aure, wanda zai yi fushi ya yi.

Ranar da abin ya faru, kyauta take shirya masa. Dogon filas ta saya, na ƙarfe mai sheƙi, za ta rubuta masa kalmar nan da ta hana shi tun farko. Filas ɗin ya fi akwatin tsayi, murfi ya ƙi rufuwa. Dabarar maganaɗisun nan kuwa ta daɗe tana yawo a cikinmu, mutum ya sa tabarau ɗinsa ya ce ai shi kaɗai ne a ɗakin. Kamata ya yi ta fara shafa wa ƙarfen baƙin fenti don ya kashe sheƙin, amma tana sauri ta gama kafin ya zo da yamma.

Shi kuma ya zo da wuri, sakamakon jarrabawarsa a hannu, yana so ya ba ta mamaki. Fankar fitar da hayaƙi na ta ƙara, ba ta ji buɗe ƙofa ba. Ya lallaɓo ta bayanta, ya sunkuyo ta saman kafaɗarta don ya ga me take ɓoye masa. Hasken ya daki ƙarfen ya dawo.

Ko ihu bai yi ba. Cewa kawai ya yi,

"Fundi... me ya shiga idona?"

Likitoci suka ce hasken ya ƙona can cikin idanun, na dama ya fi muni. Bai makance ba, amma shi da jirgi har abada. Ana sallamarsa uwar ta ɗauke shi sai Bungoma, Nafula na riƙe da jakarsa da wayarsa, tunda ba ya iya karanta abin da ke kanta.

Kullum Kavata sai ta kira, kullum Nafula ce ke ɗauka.

"Barci yake yi, 'yar'uwa."

"Yau ba ya son magana."

"Kavata, gaskiya ya ce ki daina kira. Ni ma abin ya yi mini ciwo."

Ta daina zuwa taron Asabar. Ta lulluɓe injin da zanin gado, ta rame har siket ɗin aiki yana juya mata a ƙugu. Babanta, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya same ta wata safiya zaune a garejin ba ta yin komai.

"'Yata, ki haƙura da yaron nan. Ko shi ya yafe, danginsa ba za su manta ba. Ba zan kai ki gidan da za a riƙa nuna ki da baki ba."

"Baba, in ya faɗa mini da bakinsa zan haƙura."

Da bakinsa take son ji, shi ya sa ta hau motar Bungoma ba tare da ta gaya wa kowa ba sai ni.

Da hantsi ta isa. Gidan na tsakiyar gonar masara, Simiyu na zaune a kujerar katako ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya yi baƙi ya bar gemu. Nafula na tankaɗe gari a bakin kicin, tana ganinta ta miƙe tsaye. Mama Simiyu ta fito da muciya a hannu.

"Wa ya nuna miki hanyar gidana?"

"Mama, ina kwana..."

Simiyu ya ɗago kai da sauri.

"Muryar wa nake ji? Fundi?"

"Ba kowa ba ne," in ji uwar.

"Mama, ki bar ta ta ƙaraso. Don Allah."

Ta ƙarasa ta durƙusa a gabansa, ta rasa ta inda za ta fara. Shi ya fara.

"Sai yau kika tuna da ni?"

"Kullum ina kira, Kyaftin. Kullum. Nafula ta ce ka ce in daina."

Ya karkata kai wajen kicin. Can ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba,

"Nafula, kin ce ko sau ɗaya ba ta kira ba."

"Don lafiyarka na yi," in ji Nafula. "Likita ya ce ka huta. Kuma ka tambaye ta abin da na gaya maka mana, tunda ni ce maƙaryaciya. Tambaye ta!"

Simiyu ya lalubo hannun Kavata ya riƙe. Hannunsa ya yi sanyi.

"Rabin raina, wata magana suke ta faɗa mini. Wai injin ba ya tashi in murfi na buɗe, wai ke kika yi masa dabara. Na ce ƙarya ne. Na ce Kavata da ba ta barin in taka garejin nan sai da tabarau ba za ta yi haka ba, injin ne ya sami matsala. Har na rantse wa Mama a gaban kawunnaina. Na ce in ta tabbata haka ne, ni da kaina zan janye maganar auren."

Ya matse hannun nata.

"Ki ce ƙarya ne kawai. Maganarki zan ɗauka, ba ta kowa ba. Gobe in tura su Machakos."

Ba mai shaida sai Nafula, Nafula kuwa yanzun nan aka kama ta da ƙarya. Kalma ɗaya ce tsakanin Kavata da aurenta, kuma duk wanda ke tsakar gidan nan ya san haka. Na sha tambayar kaina me zan yi da ni ce, kuma ban ji daɗin amsar da nake samu ba.

"Gaskiya ne," in ji Kavata. "Ni na sa maganaɗisun. Filas ɗin ne ya yi tsayi... ina so in gama kafin ka zo..."

Mama Simiyu ta saki muciyar ta ɗora hannu a ka. Shi kuwa bai saki hannun Kavata ba, sai dai ya juyar da fuskarsa gefe, wajen shingen gona.

Wannan ne ya karya ta. Ta fashe da kuka.

"Ka zage ni, Simiyu. Ka mare ni ma. Amma ko kallona ba za ka yi ba?"

"Kallonki nake yi," ya ce ƙasa-ƙasa, yadda ita kaɗai za ta ji. "Ban gaya wa Mama ba, kada hankalinta ya ƙara tashi. Duk abin da na fuskanta, wani baƙin tabo ne yake zama a kansa. Tun da kika durƙusa nake neman fuskarki ban same ta ba. Sai na kau da kai nake ganin mutum, ta gefen ido."

Ya ɗan ƙara karkata kai.

"Kin rame, Fundi."

"Ka yafe mini..."

"Na yafe tun a motar da ta kai ni asibiti. Rantsuwar ma ba ita ce damuwata ba, zan iya cin kunyar kawunnaina saboda ke. Amma da ina cewa tsautsayin inji ne, shi ya sa nake iya barci. Yanzu kullum zan farka in juyo wajenki in tarar da tabon nan a inda fuskarki take, jirgi kuma na wucewa ta saman gida. Na san halina. Wata rana zan faɗa miki maganar da ba ta ɗaukuwa, ke kuma za ki haɗiye don kina ganin kin cancanta. Ba na so mu kai can."

"Zan jure, masoyina. Ko me ka ce zan jure."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Ya ɗaga hannunta ya ɗora a kumatunsa, ya daɗe a haka, sannan ya sake shi a hankali.

"Tashi ki tafi tun ina sonki haka. Motar Nairobi ba ta jira."

Ba ta yi wa kowa sallama ba. Ta bi 'yar hanyar da ta ratsa masara. Da ta kai bakin shinge ta kasa daurewa, ta waiwayo.

Yana nan zaune a inda ta bar shi, ya juya fuskarsa can wajen garken shanu. Ta ji muryar Mama Simiyu tana ce wa Nafula,

"Kin gani ko? Ya gama da ita. Ko kallon inda take bai yi ba."

Kavata ta ɗaga hannu kaɗan, iya kafaɗa.

Daga ƙarƙashin mangwaron, fuskarsa na kallon shanu, Simiyu ya ɗaga nasa.