Gidan Kwalin da Mama Ta Ƙona

Rana ta sunkuya, hasken da ke shigowa ta tagar kicin ya koma ja, kuma Mama ba ta zauna ba tun da gari ya waye. Hutun ƙarshen shekara ne, dangin mijinta za su zo cin abinci washegari, ita kaɗai ce a kan kaji da shinkafa da kwaɓin kek. Baba ya tafi garejinsa tun da safe yana cewa yanzun nan zai dawo ya taya ta. Kaka, mahaifiyarsa, tana zaune a bakin ƙofa tana ɓare tafarnuwa a hankali kamar ba a jiranta.

Yaran biyu kuwa sun mamaye ƙasan kicin. Ita Maman ce ta jawo wa kanta, don ita ta kashe talabijin a farkon hutu, ta zube musu kwalaye da gam da almakashi da takardu masu launi, ta ce su yi abin da za a ƙawata falo da shi. Babbar, 'yar shekara takwas, wadda ubanta ke kira Aku saboda bakinta ba ya hutawa, ita ce shugabar aiki. Auta ɗan shekara huɗu shi ne mai shafa gam, a kwali da bango da kansa. Sun yi sarƙar takarda, sun zura busasshiyar taliya a zare sun yi abin wuya, sun murza kwaɓin fulawa da gishiri sun yi tsuntsaye, Mama ta gasa musu. Amma abin alfaharinsu shi ne gidan kwali, mai ƙofa da taga da labulen ƙyalle, rufinsa jere da murafan kwalba. A lungun da ke tsakanin firiji da kabad suka ajiye shi, kullum suna durƙushe a gabansa suna ƙus-ƙus.

"Ku kwashe min tarkacen nan daga hanya," in ji Mama. "Na faɗa, na sake faɗa."

"Mama, ba ya son falo," in ji Aku. "Ya ce hayaniya ta yi yawa a can."

Mama ba ta tambayi ko wane ne ba. Ta juyo da kwanon kwaɓin a hannu, ta taka robar gam, ƙafarta ta zame. Kwanon ya kife, ƙwai da sukari da bota suka malale a ƙasa, gwiwarta ta daki bakin kabad. Ta miƙe idonta a rufe. Ta suri gidan kwalin da hannu ɗaya, ta bankaɗe ƙofar baya, ta nufi murhun gawayin da ake tafasa kaji a kai.

"Mama, yana ciki!" Aku ta ƙwalla ihu tana riƙe mata zane. "Barci yake yi!"

Mama ta cusa kwalin a ƙarƙashin tukunya. Gam da fenti suka kama, wuta ta tashi shuɗiya. Daga cikin wutar nan wani siririn kuka ya fito, kukan yaro ƙarami, alhali nata biyun suna bayanta. Kaka ta saki kwanon tafarnuwa tana salati. Kukan ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke, gidan ya yi tsit, har kajin maƙwabta ba ka ji.

Duhu bai gama sauka ba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Baba ya dawo ya ce yaran layi ne. Ya zagaya da tocila yana zagi, bai ga kowa ba. Yana cikin zagin wani dutsen ya faɗo a tsakiyar falo, ƙofa da tagogi duk a rufe. Da ya ɗauka sai ya yar, don da zafi yake kamar daga murhu aka ciro shi.

Washegari baƙi suka cika gida. Mama ta buɗe tukunyar shinkafar da ta dafa da hannunta, ta tarar da toka fal har baki. Ƙannen mijinta suka kalli juna, ɗaya ta ce a hankali, amma yadda za a ji, wai da ta sani da ta taho da abincinta. Mama ta haɗiye, idonta ya kaɗa. Aka sayo burodi aka ci, kowa ya tafi da wuri.

Daga ranar gidan ya daina zama gida. Da rana lafiya lau, amma da zarar inuwa ta fara tsawo sai warin ƙonannen kwali ya cika ɗakuna. Almakashi ya riƙa motsi shi kaɗai a cikin aljihun tebur, ƙyas, ƙyas. Sarƙar takardar da aka rataya a falo aka wayi gari an tsinka ta ƙulli-ƙulli, an jera a ƙofar ɗakin Mama. Duk abin da ta ɗora a wuta sai ya ƙone, ko ruwa ne. Daga lungun firiji kuma a kan ji yaro yana shessheƙa, wata murya mai kauri tana lallashinsa.

Mafi muni, Aku ta yi shiru. Yarinyar da ake roƙo ta rufe baki a samu a ji labarai, yanzu sai ta zauna ta zuba wa uwarta ido, ba ƙiftawa. Wata yamma ta ɗaga hannun rigarta tana nishi, sai ga ƙuna a damtsenta, fatar ta tashi ta yi ruwa, kuma ko kusa da wuta ba ta je ba.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta duba ƙunar, ta dubi Mama daga sama har ƙasa, ta ce ta ɗan fita waje, za su yi magana da yarinyar su kaɗai. Mama ta fita ta tsaya a baranda. A hanyar dawowa, a cikin mota, Baba ya gyara murya.

"Ki gaya min tsakaninki da Allah. Ranar da ranki ya ɓaci ɗin nan, kwalin kawai kika ƙona?"

"Tsaya da motar nan."

"Tambaya ce kawai na yi."

"Na ce ka tsaya! Ni na ɗauki cikinta, ni na kwana a zaune da ita tana haƙora kana minshari, yau kai ne za ka tambaye ni ko na ƙona ta?"

Bai tsaya ba, ita kuma ba ta sake kallonsa ba. Kafin mako ya zagayo, wata ƙunar ta fito a saman ta farko.

Kaka ce ta zaunar da Auta a cinyarta ta tambaye shi da dabara. "Kai ɗan tsoho, wa kuka yi wa gidan kwalin nan?"

"Abokinmu," in ji shi. "Ƙarami ne, bai kai ni ba. Ba shi da takalmi. Shi yake riƙe mana kwali idan muna sa gam." Ya sauka ya jawo tiren tsuntsayen fulawa daga ƙarƙashin gado, ya nuna mata. "Wannan nawa, wannan na Yaya, wannan mai jan baki nasa ne. Bai ɗauka ba tukuna."

Kaka ba ta shawarci kowa ba. Ta yafa mayafinta ta fita, ta dawo tare da wani Malam.

Dattijo ne siriri, mai ƙaramar murya, wanda ya yi shekaru yana karantarwa kafin mutane su fara kai masa masu irin wannan lalura. Ya ƙi zama a falo, ya ce a shimfiɗa masa a kicin. Aka zaunar da Aku a gabansa, Kaka ta riƙe ta ta baya, Baba ya tsaya a ƙofa da Auta a kafaɗa. Mama ta jingina da kabad ta harɗe hannuwa. Rana tana faɗuwa, warin ƙuna ya fara tasowa.

Malam ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Tukwane suka soma kaɗawa a kan kantar kicin. Murfin wata ya faɗo ya yi ta juyawa a ƙasa har ya gaji. Duwatsu suka zubo a kan rufi kamar ƙanƙara. Bai dakata ba. Can wuyan yarinyar ya sandare, kanta ya karkace, bakinta ya buɗe, muryar babbar mace ta fito daga ƙaramin ƙirjin nan, a dishe, cike da huci.

"Ya isa, Malam. Ba da kai nake ba."

"Da wa kike?"

"Da waccan." Yatsan yarinyar ya miƙe ya nuna Mama. "Ɗana yana barci ta jefa shi a wuta. Hannunsa ya saɓule har kafaɗa. Ba ya barci, ba ya cin abinci. Sai 'yarta ta ji abin da yake ji."

"Wa ya ba ɗanki izinin shiga gidan mutane?"

"Su suka kira shi! Suka gina masa ɗaki, suka sa masa labule. Yaro ne, me ya sani?"

"Wannan da kike ciki fa, me ta sani?" in ji Malam. "Ki fita."

"Zan fita idan ƙunar ta kai kafaɗa. Hannu da hannu."

Malam ya koma karatu. Muryar ta yi ƙara, jikin yarinyar ya banƙare har Kaka ta kusa sakinta.

"Tsaya! To na rage. Kada a sake hura wuta a gidan nan har abada. Su ci ɗanye, ko su tashi."

"Ba gidanki ba ne da za ki kafa masa doka."

"To a bar min ita duk yamma, ta riƙa ɗebe masa kewa."

A nan Mama ta taso. Baba ya kira ta, ba ta ji ba. Ta durƙusa gaban 'yarta har numfashinsu yana haɗuwa, ta dubi cikin idanun nan da ba na 'yarta ba.

"Ke, saurara. Ni ce na ƙona kwalin, ga ni. Ban san da ɗanki a ciki ba, da na sani da hannuna zan sa in ciro shi. Ke kuwa kina gani, kina sane, kika zaɓi wadda ta yi ihu a cece shi. Ita ta riƙe min zane tana cewa yana ciki. Ita kike gasawa! Ki tambayi ɗan naki idan ƙarya nake yi. Idan ke uwa ce ki taɓa ni mana, ga hannuna. Matsoraciya kawai!"

Tukwane suka tsaya cak. Malam bai hana ta ba, bai kuma ci gaba da karatu ba. Daga lungun firiji aka ji ƙaramar murya tana magana cikin kuka, ba a gane abin da take faɗa. Kan yarinyar ya juya wajen, ya daɗe yana saurare. Da muryar ta dawo, hucin yana nan, amma ƙarfin ya ragu.

"Ya ce gaskiya ne. Ya ce in bar ta." Ta yi ajiyar zuciya mai zafi. "Yana son tsuntsunsa."

"Abin da yara suka ba shi da hannunsu nasa ne," in ji Malam. "Amma ki sani ba fansa ba ce, ba kya bin gidan nan komai. Ki ɗauka ki tafi, kada ke ko shi ku sake waiwayo nan."

Baba ya sauke Auta, ya ruga ya ɗauko tsuntsun mai jan baki, Malam ya karɓa ya ajiye a bakin ƙofar baya.

"Saura ɗaya," in ji muryar. "Ta ba mu haƙuri da bakinta."

Kowa ya dubi Mama. Ta juya ta fuskanci lungun, muryarta ta karye. "Yaro, ka yi haƙuri. Allah ya ba ka lafiya." Sannan ta juyo, fuskarta ta sake ɗaurewa. "Ke kuma ban ba ki ba. Ban kuma yafe miki ba."

"Ni ma haka," in ji muryar.

Malam ya ɗora karatu. Ƙafar yarinyar ta hagu ta yi ta karkarwa, ƙaramin yatsan ya miƙe ya saki, ta yi atishawa mai ƙarfi ta sulale a jikin Kaka. Ƙofar baya ta buɗe a hankali, ta rufe. Tsuntsun ba ya wurin. Iska mai sanyi ta ratsa kicin ɗin, warin ya tafi da ita.

Aku ta buɗe ido, ta dubi Malam, ta dubi uwarta. "Mama, yunwa nake ji."

Mama ba ta yi kuka ba. Ta warware mayafinta, ta sunkuya, ta ɗora yarinyar nan 'yar shekara takwas a bayanta ta goya ta tam, ƙafafunta suna reto har gwiwa. Ta jawo tukunya ta ɗauraye.

Baba ya matso yana murza hannu. "Kawo ta in riƙe miki, ta yi miki nauyi. Maganar da na yi a mota kuma..."

"Taɓa ta ka gani," in ji Mama, ba ta ko juyo ba.

Ya ja da baya. Ta ƙyasta ashana ta kunna wuta, ta tsaya a kanta da 'yarta a baya har ruwan ya tafasa.