Wutar Cikin Wirrina

Da almuru Enid Pascoe ta sauke farfesun rago daga murhu, ta leƙa baranda don ta kira mijinta. Kujerarsa wayam. Sawun ƙafarsa ya bi ta cikin taɓo, ya nufi bakin kogi, inda yake shiga teku.

Ta ɗauki fitilar ƙwai ta bi shi da sauri.

Ta san inda ya tafi. A can Wirrina ke kwance, ƙaramin jirgin yaƙi mai tafiya da tururi, wanda a zamaninsa yake gadin gaɓar Queensland ta ƙasar Ostareliya da igwa guda a goshi. Da ya tsufa aka cire igwar, ya koma dakon tsakuwa, daga bisani aka cika shi da duwatsu aka nutsar da rabinsa don ya tare igiyar ruwa. Mijinta Lachlan ya ƙarar da samartakarsa a cikinsa yana zuba kwal a wuta. Yanzu tsufa ya fara taɓa masa hankali.

Ga shi teku ya fara cikowa, ruwa na hawa gaɓa.

Tana hawa tsanin jirgin mai tsatsa sai wari ya doke ta. Ba na laka ba ne. Hayaƙin kwal ne, sabo, mai ɗumi. Rabon jirgin nan da wuta tun kafin ta yi furfura.

Daga ƙasa ta ji ƙarar shebur yana kartar ƙarfe.

"Lachlan," ta kira a hankali. "Fito, tsohon kawai. Abinci na hucewa."

Sai kartar kawai.

Ta sauka cikin ɗakin wuta. Ruwa ya kai mata gwiwa, kuma da ɗumi. Bakin tanderun a buɗe, ya yi jawur. Ga Lachlan tsirara daga ƙugu zuwa sama, gumi na tsiyaya, yana ɗibar kwal daga ƙarƙashin ruwa yana watsawa a wuta. A bayansa mutane ne a jere jikin bango, fatarsu fara sol, ta saɓule kamar ta dafaffen kifi. Ta tuna labarin da ya taɓa ba ta, na ranar da bututun tururi ya fashe ya kashe abokan aikinsa, shi kuwa yana kan tudu.

"Maigida, zo mu tafi."

"Ba a karɓe ni ba," ya ce, bai ko juyo ba. "Mai zuba wuta ba ya barin aiki sai an karɓe shi."

Ta ja hannunsa. Kamar ta ja ginshiƙi.

Ruwa ya kai ƙugu.

"Don Allah ku sake shi," ta ce da mutanen. "Tsoho ne. Ko takalminsa ba ya iya ɗaurewa."

Ɗayansu ya matso. Bai motsa ruwan ba. Ya yi raɗa dab da kunnenta, numfashinsa kamar bakin tukunya.

"To wa zai karɓe shi?"

Ruwa ya kai ƙirji. Fitilar ta mutu.

Ta dubi tsani. Ta dubi mijinta, ruwa na taɓa masa gemu.

Ta fizge shebur ɗin.

Mariƙin ya ƙona ta har ƙashi. Ta nutsa shi, ta ɗebo, ta watsa a wuta.

Can sama ƙararrawar canjin ma'aikata ta buga.

Lachlan ya sulale kamar an yanke igiya. Ta yar da shebur, ta cakumi wuyansa, ta tura shi kan tsani. Yatsu masu zafi suka shafi idon sawunta. Ba su riƙe ba. Kamar masu cewa ba sauri suke yi ba.

Da rarrafe suka kai gida.

Washegari masunta suka taru a gaɓa suna kallo. Wirrina, da duwatsun cikinsa da komai, ya juya goshi ya fuskanci teku.

Lachlan ya warke sarai, har sunayen jikokinsa suka dawo masa. Amma ƙunar tafin Enid ba ta taɓa bushewa ba. Duk almurun da teku ya ciko, sai ta miƙe tsam, ta ce ana jiran ta a jirgi. Tsohon yakan rungume ta ta baya, ya tokare ƙafa da bango, yana kiran sunanta har ruwa ya janye.

Kullum ƙarfinsa raguwa yake. Su duka biyun sun sani.