Iska a Birkin Mista Broadnax

Ranar wata Asabar a farkon watan Yuni, Wendell Askew yana tafe da jakar wasiƙu a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga, sai ya ji murya daga ƙarƙashin wata tsohuwar mota.

"Kai mai wasiƙa! Kana da ƙafa?"

Wendell ya waiga. Takalma biyu kawai ya gani sun leƙo ta gefen taya.

"Ina da guda biyu, yallaɓai."

"Ɗaya nake so. Shiga ka zauna."

Duk wanda ya zauna a layinmu na garin Flint, a Amurka, ya san wannan muryar. Mista Lucius Broadnax ne, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya a kamfanin haɗa motoci, kuma tun da ya ajiye aiki bai taɓa yarda wani bakanike ya taɓa masa motarsa Buick ƙirar 1976 ba. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ya cinye masa birkin gaba, sai ya sayo sababbin kalifa guda biyu, ƙarafan nan da ke damƙe faifan taya, ya ɗaura da kansa. Abin da ya rage shi ne fitar da iska, shi kuwa wannan aiki sai mutum biyu. Ɗaya yana kujera yana taka birki, ɗaya yana ƙasa yana buɗe wani ɗan noti, iska ta fito tare da mai. Na sama ba ya ɗaga ƙafa sai na ƙasa ya rufe notin ya ce saki, in ba haka ba iskar ta koma ciki. 'Yarsa Corinne ce take taka masa, ta shiga gida ɗauko abin sha, shi kuma Mista Lucius ba a halicce shi da jira ba.

"Taka sau uku. Yauwa. Riƙe! Kada ka motsa."

Wendell ya riƙe. A daidai lokacin ƙofar baranda ta buɗe, Corinne ta fito da tulun ruwan lemon tsami, ta ɗaure gashinta da jan ƙyalle, da ɗan baƙin mai a kumatunta. Ta ga baƙo a kujerarta ta yi murmushi. Wendell ya manta da mota, ya manta da tsoho, ya zabura zai tashi ya gaishe ta.

Ihun da ya fito daga ƙarƙashin motar har gidanmu aka ji shi.

"Wa ya ce ka saki? Wa ya ce ka saki!"

"Yi haƙuri, yallaɓai, na..."

"Fita min daga mota! Je ka raba takardunka."

Corinne ta toshe baki tana dariya. Ta zuba masa ruwan lemon a kofi, ta ce a hankali, "Kada ka damu, ni ma ya kore ni ya fi sau ɗari. Sha ka gudu."

Tun daga ranar Wendell ya rasa sukuni. Layinmu da yake gamawa cikin minti ashirin ya koma ɗaukar masa minti arba'in. Ya tsaya gaban akwatin wasiƙunsu yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Mu da muke zaune a baranda muna kallo har tausayi ya ba mu. A sati na biyu ya buɗe akwatin ya tarar da ambulan babu kan sarki, an rubuta a bayansa: "Zuwa ga mai ƙafar da ba ta jin magana." A ciki lambar waya ce.

Da yamma ya tura mata saƙo: "Corinne, ni ne mai laifi. Ƙafata ta ce a ba ki haƙuri, wai ba ta taɓa ganin irinki ba."

Ta amsa: "Ka gaya mata an yafe, Ɗan Jaka. Amma Baba bai yafe ba. Har yanzu birkin laushi yake kamar burodi, kuma sunanka yake kira."

"Zan zo in ba shi haƙuri, Rinny."

"Wa ya ba ka izinin ce min Rinny?"

"Zuciyata."

"To ta ci gaba."

Haka soyayya ta kama su, suna haɗuwa ranar Juma'a wajen mai soya kifi idan ta tashi daga asibitin da take aikin jinya. Wendell ba ya iya cin kifinsa saboda kallonta, ita kuwa ta cinye nata ta ja nasa. Kafin ƙarshen Yuli ya ce mata aure yake so, ta sunkuyar da kai ta ce ita ma, amma tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a gidan, ba za ta fita ba sai da yardar ubanta.

Ya je, da riga mai guga. Mista Lucius bai ko fito daga ƙarƙashin motar ba.

"Sau tara na fitar da iska daga birkin nan tun ranar da ka zauna a ciki. Sau tara! Mutumin da ba zai iya riƙe ƙafarsa na daƙiƙa biyar ba, shi zan ba riƙon 'yata? Ka ga hanya."

Ni dai na san iskar da ta shiga sau ɗaya ba ta yin wata biyu a birki. Kowa a layin ya sani, amma wa zai faɗa? Laifi tudu ne, kuma Mista Lucius ya taka nasa ya tsaya daram yana hango na Wendell.

Ga kuma Dontrell, mai motar janwe, wanda ya daɗe yana zagaya Corinne. Kullum yana harabar gidan yana miƙa sifana yana cewa, "Gaskiyarka, Baba Lu. Ai wannan yaron ya ɓata maka mota." Ko tsoho ya ce taya murabba'i ce, Dontrell zai ce shi ma haka ya gani.

Wendell bai yi zuciya ba. A cikin unguwannin da yake raba wa wasiƙu akwai wata Charmaine da ke gyaran motoci a garejin gidanta. Ya roƙe ta ta koya masa birki, kullum bayan aiki yana can yana fasa yatsu. Bai gaya wa Corinne ba, wai yana so ya ba ta mamaki. Maza da wautarsu! Dontrell ya wuce da janwe ya ga Wendell a can sau uku, na huɗu ya ɗauki hoto ya kai inda ya san zai yi zafi.

Saƙon Corinne ya shigo ranar Laraba: "Ashe wasiƙun gidan Charmaine sai da yamma ake kai su, kuma sai an cire riga. Na gode. Kada ka ƙara kirana."

Ya kira sau goma sha ɗaya ba ta ɗauka ba. Ya rubuta: "Rinny, zumata, ba abin da kike zato ba ne. Ki ba ni zuwa Asabar." Ta karanta ta kife wayar. Kwana biyu tana shiga tana fita ba ta gaida kowa, ta share barandar da ta riga ta share, idanunta jawur. Shi kuma ya saka wasiƙun gida uku a akwatin da ba nasu ba.

Ranar Juma'a Charmaine ta gaji da ganin fuskarsa.

"Kai, ka ishe ni da ajiyar zuciya. Gaya min ciwon motar surukin naka."

Ya gaya mata: sababbin kalifa, an fitar da iska sau tara, in an taka sau uku birki ya yi tauri, in an bar shi ya koma laushi.

Ta ajiye sifana. "Notin fitar da iskar, sama yake kallo ko ƙasa?"

"Ban sani ba."

"Iska sama take hawa, ɗan'uwa. Kalifar hagu da ta dama kamar tagwaye suke, kowacce tana shiga gurbin 'yar'uwarta. In aka musanya su, notin ya koma ƙasa, iska ta maƙale a sama. Ko shekara za a yi ana takawa ba za ta fita ba. Manyan gwanaye ma suna yin wannan kuskuren, su ne ma suka fi yi, don ba sa dubawa."

Wendell ya miƙe tsaye. Washegari ne taron tsofaffin motoci a tsakiyar gari, kuma Mista Lucius ya rantse zai je da Buick ɗin, Corinne a gefensa, a bisa babban titi. In Wendell ya yi shiru, za ta hau motar da birkinta sai an lallashe shi. In ya yi magana, ya gaya wa mutumin da ya haɗa motoci shekara talatin cewa bai san hagu da dama ba, to auren ya tafi ke nan.

Da safe ya ɗauki hutu ya zo. Harabar gidan cike take da tsofaffin abokan aikin Mista Lucius, kowa da kofin kofi, Dontrell a tsakiyarsu. Motar tana kan jak, tsoho yana ƙasa yana gwaji na goma. Corinne tana kujerar direba, ta gan shi ta kau da kai.

"Ga mai ƙafa ya dawo," in ji Dontrell. "A ɓoye birki!"

Aka yi dariya. Wendell bai kula ba. Ya kwanta a ƙasa da rigarsa mai tsabta, ya ja jiki ya shiga ƙarƙashin motar har kafaɗarsa ta taɓa ta tsohon. Ya ɗaga ido. Notin yana ƙasa, duka ɓangarorin biyu.

"Me ya kawo ka nan?" Mista Lucius ya ce cikin haƙora.

Wendell ya yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai su biyu. "Yallaɓai, ka kore ni bayan wannan in ka so. Amma Corinne za ta hau motar nan yau. Dubi inda notin yake."

Tsoho ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ya kai yatsa ya taɓa notin hagu, ya juya ya kalli na dama. Wendell yana jin numfashin tsohon yana fita da ƙyar.

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa. Charmaine ce ta koya min, ita ma ba ta ga motar ba. In ka fita ka ce robar ciki ce ta lalace, za mu sake kwancewa. Ni ban ga komai ba."

A waje Dontrell yana cewa, "Baba Lu, in fito maka da shi?"

"Rufe min baki, Dontrell," in ji tsohon. Sannan ya ce wa Wendell, "Miƙo min sifanar can."

Awa ɗaya suka yi suna musanya kalifar. Da suka gama, Mista Lucius ya fito ya karkaɗe wando, ya ce wa 'yarsa ta tashi. Ya zauna a kujerar da kansa, abin da abokansa ba su taɓa gani ba, ya leƙo ta taga.

"Kai ne a ƙasa, yaro. Ba ni umarni."

Wendell ya ce, "Taka, yallaɓai. Riƙe."

Kumfa ta fito fuu, sai mai zalla. Kafin su gama taya ta biyu birki ya tsaya kamar dutse.

Corinne ta tsuguna a gefen motar. Ta ga yatsunsa duk tsofaffin yanka da baƙin mai a ƙarƙashin farce, irin wanda ba a samu a rana ɗaya.

"Wannan ne kake yi a gidan Charmaine?"

"Shi ne, Rinny."

"Kai wawa ne, Ɗan Jaka. Da ka faɗa min." Hawaye ya zubo mata. "Kwana uku ban ci abincin kirki ba saboda kai."

"Ni ma haka, zumata."

"Ƙarya kake, kai dama ba ka ci."

An ɗaura auren a watan Oktoba, a cocin unguwarmu. Dontrell bai zo ba, Charmaine kuwa ta zo da hula mai fure ta zauna a layin gaba. Wajen walima, bayan an ci kaza da burodin masara, Mista Lucius ya miƙe yana juya hularsa a hannu. Duk abokan aikinsa suna wurin.

"Ina da magana," ya ce. "Wata biyu ina gaya muku yaron nan ne ya ɓata min birki. Ba shi ba ne. Ni na ɗaura kalifa a juye, ta hagu a dama. Ni, Lucius Broadnax." Ya nuna Wendell da hular. "Ya gani. Da ya so, da ya faɗa a gabanku ya wanke kansa, ku yi min dariya har in mutu. Sai ya kwanta a ƙasa ya raɗa min a kunne, kuma daga ranar zuwa yau ko ita bai gaya wa ba."

Corinne ta juya ta kalli mijinta, baki buɗe. Wendell ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya kama hannun 'yarsa ya saka a cikin na Wendell, ya ɗora nasa a kan nasu.

"Ita kaɗai gare ni, ɗana. Yadda ka rufa min asiri, Allah Ya rufa muku naku. Allah Ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka."

Muka ce amin, har da waɗanda kuka ya hana su faɗa da ƙarfi.