Cibiyar Gidan Indo Sennang

Mutum uku ne suka rage a ƙarshen ƙauyen Salo Awo, inda hanya ke ƙarewa cikin gonakin shinkafa. Akwai Indo Sennang, tsohuwar da mijinta ya rasu, ɗanta tilo kuma ya tafi aikin kwakwar manja can ƙetare a Sabah, shekara bakwai ba shi ba labarinsa. Akwai jikarta Cenning, 'yar shekara tara. Sai Ambo Upe, wan tsohuwar, da ke zaune a tsallaken rafi.

Kaka da jika ba su da rufin kirki. In ruwa ya sauko, sai su tattara tabarmi su raɓe a kusurwa ɗaya. Shi kuwa Ambo Upe gidansa garau yake, ɗaki uku a kan dogayen ginshiƙai. Sai dai tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse cikin birane, ba mai yi masa sallama sai kaji.

A bana sunan Indo Sennang ya fito a shirin gwamnati na gyaran gidajen marasa ƙarfi. Aka kawo katako da kwanon rufi, aka rushe tsohon gidan, kaka da jika suka koma wurin Ambo Upe kafin a gama aiki.

Ranar Litinin da hantsi dagaci ya kira ofishin 'yan sanda. An yi sata a wurin ginin.

Sufeto Baharuddin ya iso a kan babur. Mutum ne mai shiru. Iyalinsa na can birnin Parepare, shi yana kwana a wani ɗaki bayan ofis. Ya tarar da tsohuwar zaune a kan tarin katako, ta haɗa kai da gwiwa.

"Inna, me aka ɗauka?"

"Cibiyar gidana, yallaɓai."

Bai nemi ƙarin bayani ba. Kowa ya san cibiyar gida ita ce ginshiƙin tsakiya, wanda ake fara tsayarwa, a ɗaura masa farin ƙyalle da nonon ayaba, kafin sauran su biyo baya.

"Na tsohon gidan ne?"

"Uban yarona ne ya saro shi da hannunsa. Shi kaɗai gara ba ta taɓa ba. Jiya muka tafi biki a ƙauyen gaba, duk garin, muka dawo da la'asar ba shi."

Dagaci ya matso ya yi ƙasa da murya. "Matsalar ita ce Juma'a, yallaɓai. Ma'aikaciyar shirin za ta zo ɗaukar hoto. In ba ta ga ginshiƙai a tsaye ba, kayan nan za su koma ga mai bi mata a jerin sunaye. Na ce wa tsohuwar ta yarda a sa sabo."

"Ni ba zan kwana a ƙarƙashin baƙon itace ba," in ji tsohuwar, ba ta ko ɗago ba. "Su kwashe kayansu."

Sufeto ya zagaya filin. Kwano na nan a ɗaure, buhun ƙusa ba a kwance shi ba. A gefe akwai benci biyu da aka ɗora ginshiƙin a kai don kada a ƙetare shi. Ya durƙusa ya duba ƙasa. Da jan itacen aka yi, da ya bar sawu a laka. Babu. A kafaɗa aka ɗauke shi.

Kafintan, Panre Kulle, yana gindin mangwaro yana wasa zarto.

"Ina kake jiya da rana?"

"Wurin biki, yallaɓai. Tun safe har aka watse. Tambayi kowa."

"Na tambaya. An ce ana sauke tukunya ka ɓace."

Panre Kulle ya sosa ƙeya. Sufeto ya sa hannu ya zare wani jan gashin tsuntsu da ya maƙale a aljihun rigarsa, ya riƙe shi a gaban idonsa.

"To, to. Bayan tsauni na je, wurin faɗan zakaru. Don Allah kada matata ta ji, yallaɓai. Gara ka kulle ni."

"Zakaranka ya ci?"

"Yana cikin miya yanzu haka."

"An ce kai ka fi kowa matsa wa tsohuwar ta yar da ginshiƙin."

"Na faɗa, don aiki ya yi sauri. Amma in sata? Ni da nake tsayar da su? Hannuna ya shanye. Kuma wanda ya yi wannan aiki ba don sayarwa ya yi ba."

"Me ya sa ka ce haka?"

Kafintan ya ja shi zuwa tsakiyar filin, inda aka jera duwatsu masu faɗi da ginshiƙai za su zauna a kai. Layi huɗu ne. A layi na biyu akwai gurbi ɗaya, ƙasar wurin da sauran danshi.

"Har da dutsensa aka tafi. Mai sayar da katako me zai yi da dutse?"

Sufeto ya rubuta wannan a ɗan littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashi.

Mai bi wa Indo Sennang a jerin sunaye wani masunci ne, La Sakka. Rabin rufin gidansa ganyen kwakwa ne, rabi buhunan taki. Yana zaune a kan tsani yana ɗinkin koma.

"Ka san kai ne na gaba?"

"Wane jeri? Ni ban san da wani jeri ba."

"Dagaci ya ce sau uku kana zuwa gidansa a kan maganar."

"Sau huɗu ne, bai iya lissafi ba." La Sakka ya tofar da zaren da ke bakinsa. "Dubi samana, yallaɓai. Taurari nake ƙirgawa daga kan gado. Ina son kayan, ban musa ba. Amma da ni na ɗauka, kogi zan jefa shi, kowa ya huta. Kuma jiya ni na jagoranci nema. Rafi, ramuka, cikin ciyawa, ƙarƙashin gidaje, ba inda ba mu tona ba."

"Wa bai je biki ba?"

"Guragu da marasa lafiya. Sai Ambo Upe, wai zazzaɓi." Ya yi 'yar dariya. "Zazzaɓin jin daɗi. Mutumin da ya shekara biyar in ka gaishe shi sai ya ɗaga maka gira, yanzu har waƙa yake a gona. Ran nan na gan shi yana koya wa yarinyar nan kamun ƙwaguwa, yana dariya kamar wanda aka yi wa bushara."

Sufeto ya tayar da babur ya nufi tsallaken rafi.

Ya sami Cenning a ƙarƙashin gidan, tana tsince shinkafa a faifai. Ya zauna a kan turmi nesa da ita kaɗan, ya cire hularsa.

"Ina Lato?" Haka yara ke kiran kakanninsu maza.

"Ya kai saniya ruwa. Na ce ya bari, ya ƙi. Taurin kai gare shi kamar saniyar."

"Zazzaɓin ya sauka?"

"Ba zazzaɓi ba ne. Jikinsa ba zafi, na taɓa. Kafaɗarsa ce. Ni na shafa masa man kwakwa da safe, duk ta saɓule. Ya ce kada in gaya wa Nene, za ta yi ta faɗa." Kakarta take nufi. Ta dube shi. "Kai ma kada ka gaya mata."

"Kina son sabon gidan?"

"Ina so. Nene ta ce za a yi mini taga." Ta tura tsakuwa gefe da yatsa. "Lato ya ce taga banza ce, nan ma akwai."

Sufeto ya daɗe zaune. La Sakka da mutanensa ƙasa suka yi ta dubawa, domin a ganinsu abin da aka ɓoye kwantar da shi ake yi. Amma wanda ya ƙi jan itacen a laka, ya koma ya ɗauko masa dutsensa, ba zai kwantar da shi inda kare zai ƙetare shi ba.

Ya tashi ya zagaya bayan gidan. Akwai kurmin gora mai duhu, dogaye sun fi rufin tsawo. Ya ɗaga kai yana bin su ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyarsu akwai ɗaya da ba kore ba ce, ba ta da gaɓa, kuma tana da kusurwa huɗu.

Ginshiƙin na tsaye a kan dutsensa, gindi a ƙasa kai a sama, yadda itacen ya tsiro. An ɗaure shi da igiya a jikin gora biyu. An kifa masa tsohuwar tukunya a ka don kada ruwa ya shige shi.

"Kada ka taɓa igiyar, zai faɗo."

Ambo Upe ne a bayansa, da ragamar saniya a hannun hagu. Hannun damansa na rataye kamar ba nasa ba.

"Baba, kai ka kawo shi nan?"

"Ni ne."

"Kai kaɗai?"

"Sau shida ina hutawa." Tsohon ya zauna a kan kututture. "Da damina ta wuce zan mayar. Wallahi zan mayar."

"Ka san in Juma'a ta wuce sun rasa gidan?"

Ya murza ragamar. "Na sani. Na ce a raina, ai ga gida. Ɗaki uku, yallaɓai. Kwana ashirin da shida ke nan ina jin motsin mutum da asuba. Ana faɗa a kan gishiri. Yarinyar nan tana ɓata mini wuƙaƙe. Sai na ga kafinta ya jera duwatsu..." Bai ƙarasa ba.

Kafin azahar labari ya zagaye ƙauyen. Mutum huɗu suka sauke ginshiƙin, suka ɗauka a kafaɗa zuwa filin, Panre Kulle na gaba yana tsawa kada su bari ya taɓa ƙasa. Indo Sennang ta tsaya a gaban wanta, tana huci.

"Yaya, kai? Ina kuka a gabanka, kana ba ni haƙuri?"

"Ni ne, Sennang."

"Da bakinka ya rufe ne? Ba za ka ce mu zauna ba?"

"Da na ce, za ki zauna?"

Tsohuwar ta kawar da kai wajen filin da ake kai ginshiƙin.

"Yallaɓai," ta ce can, "na janye ƙarata."

"Sai a ofis, Inna. An riga an rubuta rahoto, kuma aikin gwamnati ya shiga ciki. Zai ba da bayani, ke ma gobe ki zo ki sa hannu." Ya juya ga tsohon. "Mu je, Baba."

Bai fito da ankwa ba. Ya taimaka masa ya hau bayan babur, ya ce ya riƙe shi da hannun mai lafiya. Ambo Upe ya miƙa wa Cenning ragamar saniya.

"Ki ba ta ruwa da yamma. Kada ki tsaya ta bayanta."

"Na sani, Lato."

Babur ya haura gadar katako a hankali, ya bi ta cikin gonaki har ƙararsa ta ɓace. Daga filin ana jin bugun guduma. An fara aiki. Mutane suna ta magana, wasu na cewa tsufa ne, wasu na cewa baƙin ciki yake wa ƙanwarsa. Cenning kuwa tana gefe. Ta tsaya riƙe da ragamar. Ita dai ta gane cewa ba ginshiƙin Lato ya so ya riƙe ba, su ya so ya riƙe.