Ladabin da Ya Kusa Raba Jibo da Yalwa

Ranar kasuwar Dungass, a shekarar 1976, Jibo mai gyaran keke, ɗan Bande, ya fara ganin Yalwa tana sai da ƙuli-ƙuli. Ya tsaya bayanta yana zuba kalamai har maƙogwaro ya bushe. Ko waiwaye.

"Bawan Allah, adana yawunka," in ji wata tsohuwa. "Kurma ce."

Da wani ne da ya haƙura, shi kuwa gogan ya liƙe. Wata huɗu yana zama gindin tsamiyar da kurame ke taruwa, suna koya masa maganar hannu, suna sheƙewa da dariyar yatsunsa. Ranar da ya dafa ƙirji ya nuna ta, Yalwa ta amsa da hannu: "Kamar kaji kake kora, amma na gane, masoyina."

Sai dai mahaifinta Ɗantsoho, babban kuramen garin, Rabe tela yake so ya aura wa ita, tunda shi ma kurma ne.

Jibo ya je gaisuwa. Ya durƙusa, ya sunkuyar da kai irin na surukin kirki, ido a ƙasa. Tsoho ya gaishe shi da hannu, ya tambayi iyaye, ya tambayi damina. Ina! Jibo tururuwa yake kallo. Tsoho ya naɗe buzunsa a fusace.

Yalwa ta tare shi da hawaye, tana faɗa da hannu: "Baba na magana ka ƙi kallonsa! A wurinmu kau da ido toshe kunne ne. Ya ce Rabe ya turo ran Juma'a."

Jibo ya amsa da hannu: "Wayyo Gimbiyata, ladabi fa nake!"

"Mai da ladabinka Bande," in ji ta.

Washegari ya koma, kunya kamar ya nutse. Ya ɗago kai ya zuba wa tsoho ido, gumi na tsatsafowa, ya ce da hannu: "Baba, ga idona. Faɗi, ina ji."

Ɗantsoho ya daɗe yana dubansa, sannan ya fashe da dariya, ya jawo shi kan buzu.

Bayan girbi aka ɗaura aure. A ranar, kurame suka raɗa wa ango sunan hannu, kamar yadda suke yi wa nasu kaɗai: haɓa a ƙirji, ido a ƙasa. Yalwa ta gwada, ta rufe fuska tana dariya. Da shi take kiransa har suka ga jikoki. Allah ya ƙara musu albarka.