Ba A Kafe Kayan Mace

Ku yi haƙuri da ni, don Allah. Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce kawai da ƙarfin hali ya ɗiba. In kun ci karo da kuskure, ku rufa mini asiri, wannan ne na farko.

"Kafe shi ake yi?"

Umma ce ta yi tambayar, muryarta a ƙasa, amma sai da ɗiyarta Huraira ta waigo da sauri.

Ta san wannan muryar.

"Ƙwarai kuwa, Hajiya!" in ji Madam Asabe, mai kantin kayan kicin da ke bakin titi a Gyaɗi-Gyaɗi, tana shafa gilashin obin ɗin. "Shi wannan cikin bango yake shiga. Ita kuma kukar gas ɗin, a yanka kantar kicin a zaunar da ita, ta zama ɗaya da dutsen. Firij ma cikin kabad yake ɓuya. In an kafe su, shi ke nan, sai dai jikoki su gada!"

Abdullatif ya yi murmushi yana kallon Huraira.

Shi ne angon. Injiniya ne, kuma tun kafin a sa ranar aurensu yake ginin gidansa a Tarauni. A kan kicin ɗin ya fi ɓata lokaci. Ya sa an fafe bango daidai girman obin, an zuba kantar kankare an ɗora mata dutse mai sheƙi, an bar rami inda kuka za ta zauna. Abin da ya rage kawai kayan, su kuwa a al'ada dangin amarya ne ke saya. Shi ya sa ya ɗauko su a motarsa, da Huraira da mahaifiyarta Hajiya Saratu, sai Fauziyya ɗiyar gwaggonsa da ta nace sai ta zo taya zaɓe.

"Kin ga wannan, ƙalbina?" ya raɗa mata. "Ba sai kin sunkuya ba. Ga kuma mai zuƙe hayaƙi a sama, kada idon nan naki ya yi ja."

Huraira ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta.

"Ranar da za a cire fa?" in ji Umma.

Madam Asabe ta yi dariya. "Cirewa kuma, Hajiya? Wa zai cire?"

"Ita. Ranar da za ta fito."



"Umma..." Huraira ta faɗa.

"Rufe mini baki. Madam, nuna mini mai ƙafa. Wadda ƙarti biyu za su ɗaga su sa a mota."

"Umma, ai an riga an yanka dutsen," in ji Abdullatif a hankali, yana ɗan rusunawa. "Mai ƙafa ba za ta shiga ba. Kuma mu da yardar Allah zama ne na har abada."

"Har abada?" Umma ta gyara mayafinta. "Yaro, sojoji ma da suka kafe shekara da shekaru, ba ga shi watan jiya sun tattara komatsansu sun koma bariki ba? Kayan mace ba a kafe su. In kafewa ne, ba da kayan ɗiyata ba."

Ta fice.

Huraira ta bi ta da gudu, amma sai da idonta ya faɗa kan Fauziyya.

Murmushi take yi.

A gida Huraira ba ta iya cin abinci ba. Ta zauna bakin gado tana sauraron ruwan farkon damina yana dukan kwano.

"Kin kunyata ni, Umma," ta ce cikin kuka. "A gabansa! A gaban 'yar'uwarsa!"

"Gara na kunyata ki a kanti, da ki kunyata a ƙofar gida."

"Shi ba haka yake ba!"

"Babanki ma ba haka yake ba."

Huraira ta tuna. Tana 'yar ƙarama a gidan babanta a Daurawa, ranar da aka saki Umma. Akori-kura tana tsaye a waje, ƙannen Umma suna fitar da kaya. Gado ya fita, kujeru suka fita. Sai aka zo kan kabad ɗin gilashi da kukar da mahaifin Umma ya saya mata. Shekarun baya, lokacin ana ɗasawa, Baba ya sa kafinta ya buge kabad ɗin a bango, ya sa birkila ya zagaye kukar da siminti, wai don kicin ya yi kyau irin na Turawa.

Aka yi ta ja, aka yi ta ɓamɓara.

Gilashin ya tarwatse. Kukar ta ƙi motsi.

Matan unguwa sun cika soro suna kallo.

"A kanta aka dafa abincin bikin wadda ta zo bayana," in ji Umma, idonta a bushe. "Ni ba na yi miki fatan fita, Huraira. Wace uwa ce za ta yi? Amma mace ba ta da gida. Gidan uba ne, gidan miji ne, gidan ɗa ne. Kayan ɗakinta ne kaɗai nata."

"To in ya fasa fa?"

"In kukar girki ce za ta sa ya fasa, ai gara tun yanzu."

Huraira ta kifa kanta a filo.

Wayyo Allah... tana son sa. Tana son sa kamar ranta!

Abdullatif bai zo zance ba a ranar, bai zo washegari ba. Da ya zo, ko tabarmar da aka shimfiɗa masa a zaure bai hau ba. Yana tsaye, hannunsa a aljihu.

"Sannu da zuwa, Yaya Latif."

"Yawwa."

Ba ƙalbina, ba komai.

"Fauziyya ta gaya wa Hajiya duk abin da ya faru," ya ce, yana nufin mahaifiyarsa. "Har da ƙari. Ta ce ke ma kin gyaɗa kai."

"Wallahi ban gyaɗa ba!"

"Gidanmu ya cika da magana. Wai tun ba a ɗaura ba kuna neman motar kwashe kaya. Wai gado ne, ɗiyar bazawara ba ta zama. Hajiya ta ce a ɗaga bikin har sai an sake tunani. Gwaggo kuwa har ta fara cewa ga Fauziyya ta gida, me ya kai ni waje."

Huraira ta dafa bango.

"Kai fa? Me ka ce?"

"Ni tambaya na zo yi." Ya matso, idonsa ya kaɗa. "Na gina kicin ɗin nan ina ganin ki a ciki kin yi furfura, Huraira. Tsayinki na auna kafin a fafe bangon. Ashe ke kina auna ƙofa? Kina shirin fita tun ba ki shiga ba?"

"Haba Yaya Latif..."

"Ki je ki gaya wa Umma ke wanda ake kafewa kike so. In kin yarda da ni, ki faɗa mata. Shi ke nan magana ta mutu."

Da ma abin da ta yi niyyar yi ke nan. Ta shirya kalaman lallashin Umma tun kafin ya zo.

Amma da ta buɗe baki, wata maganar ce ta fito.

"Ka ce an ɗaga biki?"

"Hajiya ce ta..."

"Magana ɗaya aka kai gidanku, aka ɗaga. Ba a tambaye ni ba." Hawaye suka zubo mata. "Gobe in na shiga, kalma ɗaya a bakinka ta isa ta fitar da ni, ko da girki na kan wuta. Kai kana da wannan, Yaya Latif. Ni me nake da shi? Tukwane ne da kuka! Su ma so kake a haɗe su da bangonka?"

"Huraira, ni zan sake ki? Ni?"

"Ban ce za ka yi ba! Na ce za ka iya!"

Ya tsaya yana kallon ta kamar bai taɓa ganin ta ba.

"To," ya ce.

Ya juya ya fita.

Ta ji tashin motarsa, ta durƙushe a zauren tana kuka kamar ranta zai fita.

Kwanaki suka yi ta tafiya shiru.

Huraira ta rame, idanunta suka faɗa. Ƙawayenta masu anko suka fara tambaya a fakaice. Ranar wata Laraba sai ga Fauziyya ta yi sallama, ta sha kwalliya, wai ta biyo ta gaida su.

"Ayya amarya, kin ga yadda kika koma?" ta ce tana taɓe baki. "Ki yi haƙuri, kowa da rabonsa. Yaya ma tun jiya yake Tarauni shi kaɗai, ya ce kada kowa ya je. Maƙwabta sun ce rusau kawai suke ji. Ina jin kicin ɗin naki yake farfasawa don baƙin ciki."

Ta sha ruwa ta tafi.

Huraira ta miƙe ta zari mayafi.

"Ina za ki?" in ji Umma.

"In ya fasa aure ne, ya faɗa mini da bakinsa."

"Ba ɗiyata ce za ta shiga gidan namiji ita kaɗai ba." Umma ta jawo takalminta. "Mu je."

Tasi ta sauke su a bakin layin. Suka taka caɓi, suka wuce katangun da har yanzu hotunan 'yan takara ke manne, ruwa ya jeme su. Tun daga ƙofar gida suke jin sa.

Dum!

Dum!

Huraira ta tsaya a bakin kicin.

Ƙura ta turnuƙe ɗakin. Abdullatif yana tsaye daga shi sai singileti, guduma a hannunsa, kansa fari fat da garin siminti. Dutsen nan mai sheƙi da yake alfahari da shi ya rabe biyu. Tsakiyar kantar babu ita, sai wani wawakeken giɓi tun daga sama har ƙasa. Ya ɗaure yatsunsa da tsumma, jini ya ɓullo.

"Yaya Latif!"

Ya waigo. Da ya ga Umma sai ya yi sauri ya jawo rigarsa, ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Umma."

"Me kake yi haka?"

"Wuri nake yi wa mai ƙafa."

Huraira ta toshe bakinta da mayafi.

"Ba ka da leburori ne?" in ji Umma.

"Ni na sa aka zuba, Umma, gara ni in fasa." Ya kalli ƙasa. "Na yi fushi ƙwarai. Na yi ta neman amsar da zan ba Huraira, ban samu ba. Na je na gaya wa Hajiya ranar biki tana nan inda aka sa ta. Ba ta ji daɗi ba, har yanzu ba ta amsa gaisuwata sosai. Amma ba ta hana ba."



Umma ta taka a hankali cikin ɓaraguzai, ta ware mayafinta ta auna faɗin giɓin. Ta riƙe wurin da yatsa, ta dawo ta kara shi a ƙofar kicin.

"Za ta shiga," ta ce.

"Za ta kuma fita, Umma. Na auna."

"Ban tambaye ka ba!" Muryar Umma ta karye. "Allah kada ya nuna mini ranar."

"Amin," suka ce tare.

Umma ta goge idonta da gefen mayafin, ta ɗaga kai ta ga ramin da aka fafe a bango.

"Wancan fa?"

"Na obin ne. Gobe zan sa a toshe."

"Bar shi. In kana son abinka na Turawa, saya da kanka ka kafe, naka ne, gidanka ne. Ɗiyata dai da tata za ta zo." Ta nufi tsakar gida. "Ke kuma ki duba masa hannun nan kafin ya rasa yatsa, ya ce mu muka jawo."

Huraira ta matso, ta tsuguna nesa kaɗan da shi.

"Ka ɓata dutsenka," ta ce, hawaye na bin kumatunta.

"Ya ɓaci kam. Har abada kicin ɗin nan ba zai yi kyau ba."

"Ka yafe mini, masoyi."

"Ke za ki yafe mini, ƙalbina. Ni ban san da tsoro za ki shigo ba."

"Har yanzu ina jin sa," ta ce a hankali. "Amma zan shigo."

An ɗaura aure ranar da aka sa. Fauziyya ta ce zazzaɓi take yi, ba ta zo ba. Hajiyar ango ta zo ganin jere, ta kalli kicin ta ce "Allah ya sa alheri" a taƙaice, ta fita. Huraira ta san akwai sauran aiki a gabanta.

Da rana tsaka ƙarti biyu suka sauke kukar daga mota, fara sol mai kai huɗu, suka tura ta cikin giɓin. Ta ɗan fi kantar tsayi, gefe guda kuma akwai tsaga da bai rufu ba.

"Kai, wannan ai ba ta dace da wurin ba!" in ji wata gwaggo.

"Ta zauna dai," in ji Umma, tana ɗora tukunya a kai.

Mata suka rangaɗa guɗa, gidan ya ɗauka. Ni kuwa da na ga hankalin kowa ya koma kan amarya, sai na lalubo takalmana a cikin tarin na bakin ƙofa, na sulale kafin wata ta tambayi 'yar gidan waye.