Faifai Na Shida

Ƙarfe uku da rabi na ranar Talata duhu ya riga ya fara sauka a birnin Göteborg, kamar yadda ya saba a watan Disamba. Sixten ya sauka daga bas, ya ɗaga kwalar kwat ɗinsa, ya gangara layin da ke bayan kasuwar kifi. Aikin da ya kawo shi ba wani babba ba ne. Zai tattara gwangwanaye tara na wani tsohon fim ɗin Estoniya ya kai su tashar jirgin ƙasa kafin biyar, don wata silima a garin Malmö tana jiran su.

Silimar da yake aiki a cikinta kujera tamanin ce kacal. Ba a nuna finafinan harbe-harbe a nan. Na ƙasashen nesa ake kawowa, irin waɗanda za a yi minti goma ana nuna ruwan sama ba wanda ya ce uffan, kuma masu zuwa kallon hakan suke so. Shekara ashirin da biyu Sixten yana haska musu daga ɗan ɗakin injin da ke sama. Ya iya aikinsa, wannan ba musu. Abin da ya ɓata shi shi ne ya san ya iya.

Ya tarar da Gunvor, mai silimar, a zauren shiga tana naɗa mayafi a wuya za ta fita.

"Ranka ya daɗe, sai yanzu aka ga dama?" ta ce. "Ga ragowar burodin kirfa can, in ba ka raina ba."

"Bas ce ta makara."

"Kullum bas. Shekara ashirin bas ɗin nan tana cin amanarka." Sai ta sassauta murya. "Ka ji Gwaggo Salme ta rasu? Ran Alhamis. Maƙwabciyarta ce ta bugo min waya."

Sixten ya ajiye burodin da ya ɗauka.

Kowa a silimar ya san Gwaggo Salme. Duk Talata da rana tana nan, layi na biyar, kujerar tsakiya, da koriyar hularta ta ulu. Kafin a kashe fitila take ɓare alewar na'a-na'a ta jera a kan cinyarta, don kada ƙarar takarda ta dami kowa, ko da kuwa ita kaɗai ce a zauren. Ba ta tashi sai sunan ƙarshe ya wuce a allo. Daga nan ta juya ta ɗaga wa tagar ɗakin inji hannu.

"Saboda ita na nemo fim ɗin nan, ai ban gaya maka ba," Gunvor ta ce. "Wata takwas ina rubuta wasiƙu. Lokacin yaƙi ta tsere daga ƙasarsu Estoniya a kwalekwale, ta bar ƙanenta Endel a bakin gaɓa yana ɗan shekara goma. Ba su sake haɗuwa ba har ya mutu, ko hotonsa ba ta da shi. An dai taɓa rubuto mata cewa ya fito a wannan fim ɗin cikin masunta, bayan guguwa. A faifai na shida." Ta dube shi ta saman tabarau. "Ko ba komai ta gan shi kafin ta tafi. Ko ba haka ba, Sixten?"

"Haka ne," ya ce.

Ta ɗan tsaya kamar mai jiran ƙari. Da ba ta ji komai ba, ta ce za ta wurin likitan haƙori, ya kulle ƙofa in ya gama.

Ga abin da ya faru Talatar da ta wuce, ranar da aka haska fim ɗin. Fim ɗin awa uku ne, faifai tara, kowane faifai minti ashirin. Inji biyu ke ɗakin. Idan faifai ya kusa ƙarewa, wani ɗigo yakan ƙyafta a saman allo ta dama, sai mai haskawa ya juya zuwa ɗaya injin. A ranar akwai wasan ƙwallo a talabijin ƙarfe biyar, abokansa sun kama masa kujera a mashaya. Ya leƙa zauren ya ga hula ɗaya tilo. Ya ce a ransa, teku ne da masunta daga farko har ƙarshe, wa zai gane? Da faifai na biyar ya ƙare, sai ya bi shi da na bakwai. Tsohuwar ta zauna har sunan ƙarshe, ta ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga mata, kwat ɗinsa na jikinsa tuni. Wasan ma an tashi ba ci.

Yanzu yana hawa matakalar ɗakin injin, kunnuwansa na zafi. Ba tsoro yake ji ba tukuna. Kunya ce, irin wadda mutum ke ji ko shi kaɗai ne a ɗaki.

Ya kunna fitilar tebur. Ɗakin na warin da ya saba: man inji, ƙura, da ɗan tsamin tsohon fim. Ya fara jera gwangwanayen a akwati. Ɗaya, biyu, uku. Da ya ɗaga na shida sai ya ji shi fayau. Ya buɗe. Babu komai a ciki.

Ya juya a hankali.

Faifan yana kan injin hagu. An zura shi ta kowace kafar inji daidai, yadda shi kansa yake zurawa. Gunvor ko kwan fitila ba ta iya canzawa.

Daga ƙasa ya ji ƙarar kujera tana sauka. Ya san ƙarar kowace kujera a zauren nan. Wannan ta layi na biyar ce.

Sai ƙarar takardar alewa. A hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Ya kasa kunne. Bai leƙa tagar ba, don ya san abin da zai gani. Ya fizge faifan daga injin, ya cusa shi a gwangwani, ya rungume shi a ƙirji, ya bar sauran takwas ɗin nan. Ya sauko yana tsallake matakala biyu-biyu. Ƙofar titi tana gabansa, taku goma. Ta gilashinta yana hango fitilun motoci da wata mata tana jan kare.

Labulen ƙofar zauren kallo ya motsa. Ƙanshin na'a-na'a ya fito, da warin jiƙaƙƙen ulu.

"Sixten, ɗana."

Muryar ba ta fi numfashi ba.

"Ban gani ba."

Da ta yi masa tsawa, da ya ruga. Amma babu faɗa a muryar ko kaɗan, kuma wannan ne ya kashe masa jiki. Ya tsaya da hannunsa a kan mariƙin ƙofa. Sannan ya juya ya sake hawa sama.

Sau biyu yana kuskuren zura fim ɗin, abin da rabonsa da yi tun yana ɗan koyo. Ya kashe fitilun zauren. Ya tada inji. Hasken ya ratsa duhu ya faɗa kan allo: teku mai launin toka, kwalekwale a kife, tsuntsaye.

Wannan karon ya leƙa. Koriyar hula tana layi na biyar.

Ya ce a ransa minti ashirin ne kawai, ya daure. Sai ya ji sanyi a bayan kunnensa, a nan cikin ɗakin, alhali hular tana can ƙasa ba ta motsa ba.

"Sauko. Idona ya yi rauni. Zo ka duba min."

Bai san yadda ya sauka ba. Ya dai tsinci kansa yana lalube tsakanin kujeru, ya zauna a gefenta. Bai kalle ta ba. Ta wutsiyar ido yana ganin alewa uku a jere kan cinyarta, da hannaye biyu a haɗe. Ba ta numfashi.

"Gwaggo," ya ce, "ni ne na—"

"Shhh. Ana fim."

A allo masunta sun fito bakin gaɓa suna jan raga. Sun kai goma sha biyar, duk da huluna, duk da gemu.

"Wanne ne?" ta raɗa. "Yaro na bari."

"Ban san shi ba, Gwaggo."

"Yana da tabo a girar hagu. Ni na jefe shi da kofi."

Hannunta ya sauka a wuyan hannunsa. Sanyin ya shige shi har ƙashi.

Ya ji ƙafafunsa sun jiƙe. Ya duba ƙasa. Ruwa ne, baƙi, yana tahowa daga gindin allo, yana lasar ƙafafun kujeru. Warin gishiri da ruɓaɓɓiyar ciyawar teku ya cika zauren. Ƙarar igiyar ruwan ba daga lasifika take fitowa ba.

Ya mayar da idonsa kan allo. Fuska ta wuce, ba shi ba. Wata ta wuce. Ruwan ya kai idon sawunsa.

Can a ƙarshen layi wani dogon mutum ya sunkuya yana ɗaure igiya. Ya ɗago. Girarsa ta hagu a rabe take biyu.

"Ga shi can," Sixten ya ce. "Na ƙarshe. Mai igiya."

Ta yi wani ɗan sauti, kamar na mai ajiye kaya.

"Ya yi kama da babanmu."

Mutumin ya saki igiyar. Ya tako har gaban allo. Ya sa hannu a goshi yana leƙen duhun zauren.

Ta miƙe. Ba ta saki hannun Sixten ba.

"Raka ni."

"Gwaggo, don Allah."

"Ban san hanya ba. Raka ni."

Ta ja shi. Ƙarfin ba na tsohuwa ba ne. Layi na huɗu. Ruwa a gwiwa. Layi na uku. Yashi a ƙarƙashin takalminsa, inda ya kamata a ce kafet ne. Iska na kaɗa masa gashi.

Layi na ɗaya.

Mai igiya ya miƙo hannu.

A saman allo, ta dama, ɗigo ya ƙyafta.

Shekara ashirin da biyu jikin Sixten yana zabura in ya ga wannan ɗigon, ko yana gyangyaɗi. Ya zabura. Ya fizge da dukan ƙarfinsa, hannun kwat ɗin ya yage, ya faɗi da baya cikin ruwa. Ya rarrafa. Ya kama kujera, ya kama wata. A bayansa ƙarar teku ta yanke ɗif. Allo ya koma fari fat, daga sama kuma wutsiyar faifan tana dukan inji, fat, fat, fat.

Ya waiwaya. Ba kowa. Kujerar layi na biyar ta naɗe kanta ta koma sama.

A bakin titi Gunvor ta same shi da ta dawo wajen ƙarfe biyar, yana zaune a kan dakali cikin sanyi, wandonsa sharkaf, hannun kwat ɗaya babu. Kafet ɗin zauren kuwa a bushe yake ƙamas. Ta shigar da shi, ta zuba masa kofi mai zafi, ba ta tambaye shi komai ba. Shi ne ya yi magana, kansa a ƙasa. Bai fara da ruwan ba, da wasan ƙwallon ya fara.

"Na tsallake na shida, Gunvor. Ba ta gan shi ba ranar. Ƙarya na yi miki ɗazu."

Gwangwanayen sun tafi Malmö washegari. Shatin yatsu huɗu ya yi mako uku a wuyan hannunsa kafin ya baje. Tun daga ranar bai sake sa kwat ɗinsa ba sai sunan ƙarshe ya wuce a allo, kuma idan ya kunna fitilu yakan ɗaga wa layi na biyar hannu, ko da kowa ko babu. Abokansa na mashaya sun yi ta tsokanarsa har suka gaji.

Amma ba ruwan ne ke hana shi barci ba, ba kuma hannun ba. Amsar da Gunvor ta ba shi ce a wannan yammacin, tana juya cokali a kofi.

"Na sani," ta ce. "Ta gaya min tun ranar, a nan inda kake zaune. Na tashi zan hau sama in ci mutuncinka, ta riƙe min hannu. Ta ce, 'Kar ki ce masa komai. Da gani yana da inda za shi, yaron kirki ne. Zan dawo ran Talata in gani.'"